Karatun Yara: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta shafi kowane mai ɗa a makarantar firamare. Ni dai ba malami ba ne, iyakacina aji shida. Noma nake yi da damina, da rani kuma in ɗauki 'yar tiredata in bi kasuwannin ƙasar Katagum. To amma ina da 'ya'ya a makaranta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A watan Nuwamba na 2025 muka ji a rediyo cewa Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin koyar da yara da harshen gida, ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Dalilin da ya bayar shi ne wai yankunan da suka rungumi harshen gida su ne ke yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ba sai an faɗa mana ko su wa ake nufi ba, mun ji a jikinmu. Shi wannan tsari da aka soke kuwa, a ƙarshen Nuwamba na 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shi, lokacin mutumin nan namu na Azare, Malam Adamu Adamu, yana minista. Abin da tsarin ya ce shi ne a koyar da yaro da harshen da ake yi a garinsu har ya gama aji shida. Shekara uku ke nan tsakanin haihuwarsa da jana'izarsa.

Yanzu jama'a mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Yaron da aka sa aji ɗaya bayan an kafa wannan tsari, wato a 2023, aji nawa yake ranar da aka soke shi? Aji uku. Firamare shekara shida ce, sakandare ma shida. Ashe ke nan sai 2035 zai zauna WAEC. To ta yaya tsarin da ɗalibansa na farko ba su ko iya ɗaura wando da kyau ba ya kayar da waɗanda suka riga suka faɗi? Iri bai ko tsiro ba, an ce shi ya hana rumbun bara cika.

Na san za a ce ba tsarin 2022 kaɗai ake nufi ba, ai an daɗe ana koyarwa da Hausa a makarantunmu. Gaskiya ne tun tsarin ilmi na ƙasa na 1977 aka rubuta a fara wa yaro da harshen gida, daga baya ma aka fayyace shekaru uku na farko. To amma rubutu a takarda daban, abin da ke cikin aji daban. Duk mai musu ya zo ƙauye ya leƙa ta taga, gani ya kori ji. Abin da zai tarar shi ne malam ya rubuta Turanci a allo, yara su yi ta bin bakinsa kamar aku, ba su san ma'anar ko kalma ɗaya ba. In ya ga sun yi tsuru-tsuru sai ya juya ya yi musu bayani da Hausa ta baka, a kaɗa ƙararrawa a tashi. Ba a koya musu karanta Hausa ba, ba a koya musu jin Turanci ba. Wannan ba sunansa koyarwa da Hausa ba, sunansa maleji. Shi kansa Malam Adamu ranar da ya ba da sanarwar a 2022 ya faɗa cewa abin ba zai tabbata ba sai an sami lokaci an tanadi littattafai da malamai. Ni ban ga littafin lissafi ko na kimiyya na aji biyar da Hausa ya iso makarantar garinmu ba har aka soke tsarin. An ba mutum gona ba a ba shi fartanya ba, da kaka ta yi aka ce ƙasar ce ba ta da kyau.

Bari in faɗi abin da ke makarantar tamu, ba zan kama suna ba don na san ba ita kaɗai ba ce. Ajin 'yata yara sun haura tamanin, a ƙasa suke zaune. Allon aji bango ne da aka shafa wa baƙin batir, shi ma ya koɗe, na baya ba ya ganin abin da aka rubuta. Alli wani lokaci malam ke saye da kuɗinsa. Littafin karatu ɗaya ne, yana hannun malam, bangonsa ya fita. Yaro zai yi shekara uku yana zuwa makaranta bai taɓa riƙe littafi mai labari a ciki ya buɗe shafi da hannunsa ba. Haba jama'a! A wannan hali ko da Hausa aka yi, ko da Turanci, ko da Larabci, wallahi sakamakon ɗaya ne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yaran nan su ne dai da yamma suke makarantar allo, kuma can suna iya karatu. Me ya sa? Ku duba da kyau. A makarantar allo babu yaron da ba shi da nasa allon. Komai talaucin uba zai saya wa ɗansa allo, tawada a gida ake dafa ta, alƙalami a daji ake yanko shi. Kowa da nasa karatun a hannunsa, yana bi da ɗan yatsa. Ana fara masa da babbaƙu, sai ya ƙoshi da su a kai shi farfaru, kuma malam ba zai ce ya wanke ba sai ya biya an ji ya iya. Kakanninmu ba su je kwalejin horon malamai ba, amma sun san abu biyu: kowane ɗalibi da nasa kayan aikin, kuma ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna. A boko kuwa shekara na zagayowa a tura yaro aji na gaba, ya iya ko bai iya ba, har ya kai aji shida bai iya rubuta sunan ubansa ba.

Ga kuma dalilin da ya sa nake ganin da Hausa ya kamata a fara. Karatu aiki ne na haɗa baƙi da wasali. Hausar boko wasalinta biyar ne, kuma yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. In yaro ya san "k" da "a" ya haɗa ya ce "ka", ya haɗa "z" da "a" ya ce "za", sai ka ga idonsa ya yi haske, ya ce kaza! Ya san kaza, ai da safe ya kore ta daga kan tsaba. A nan take ya gane ashe waɗannan zane-zane magana ce. Daga ranar ba sai an kore shi zuwa ga littafi ba. To amma in da Turanci aka fara masa, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda: ga koyon haɗa baƙi, ga koyon harshen da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba. Ko ya haɗa kalmar daidai ba abin da za ta ce masa. Ga shi Turanci harafi ɗaya sai ya yi kuka iri biyu ko uku, wani ma a rubuta shi a ce kada a faɗe shi. Ko jaki aka yi wa laftu irin wannan sai ya durƙushe.

Wannan ba tunanina ba ne ni kaɗai, an gwada a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗauki wasu yara suka koyar da su komai da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi lokacinsa na musamman a matsayin darasi. Da aka zo aunawa, yaran nan ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun yi musu fintinkau. To amma a lura, mutanen Ife ba da sanarwa a rediyo suka yi aikin ba. Zama suka yi suka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, suka horar da malaman da za su yi aiki da su. Shi Fafunwa ɗin har minista ya zama a 1990.

Mu nan Arewa ma ai ba baƙin abin ba ne. Dattawanmu suna ba da labarin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, yadda magidanta masu gemu suke zama gindin bishiya bayan an taso daga gona suna koyon a, ba, ca. Abin da ya sa ya yi tasiri shi ne ba a bar su da allo kawai ba. An kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, har da jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa tun 1939. Mutum yana gama koyo ga abin karantawa yana jiransa. Mu ma da muka yi firamare a baya mun tarar da sauran albarkar. Wa zai manta da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu? Daga nan sai Iliya Ɗan Maiƙarfi, sai Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam. Littafi ɗaya sai ya zagaye unguwa har ya yi laushi kamar tsumma. Ni da aji shida ɗin nan nawa, da su na sami abin da nake rubuto maka wannan takarda. Yau ɗan sakandare ne ke kawo mini takarda in karanta masa.

Kai, ko littattafan nan na soyayya da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, waɗanda aka yi ta zagi, mata nawa ne a cikin gidaje suka dage suka koyi karatu don kawai su daina roƙon a karanta musu? Ba gwamnati ce ta tura su ba. Abin karantawa ne ya zo da harshen da suke ji.

Na kusa-kusan nan kuma shi ne Mu Karanta. Hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta kawo wani shiri jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2015, aka buga littattafai masu wannan suna don aji ɗaya zuwa uku, ga na ɗalibi ga jagoran malami, ana farawa da Hausa sannan a shigo da Turanci sannu a hankali. A Katsina da Zamfara ma an yi irinsa mai suna RANA. Na ga yaran da littafin ya isa hannunsu. Yarinya 'yar aji biyu ta zauna a zaure tana haɗa baƙi da ƙarfi, tsofaffi suna dariya suna sa mata albarka. To amma littafin yaro ba ƙarfe ba ne. Shekara ɗaya biyu ya yage, ruwa ya taɓa shi, akuya ta ci rabi. Dole a riƙa sake bugawa kowace shekara kamar yadda ake sake sayen taki. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID ɗin ɗungurungum. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta ranar da suka rufe ƙofa da yunwa zai kwana. Ni ban ga laifinsu ba, 'ya'yan namu ne ba nasu ba.

A shekarar dai ta 2025 maƙwabtanmu na Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mu muna saukewa su suna ɗauka. Su ma dai in ba su buga littafi sun kai ƙauye ba, suna ne kawai za su samu.

Kada wani ya ce ina ƙin Turanci. Ina! Ni da nake shan wuya a kan rashinsa? Jarrabawa da shi ake yi, takardar asibiti da shi, fom na banki da shi. Ina son 'ya'yana su iya shi fiye da yadda ɗan gwamna ya iya. Kuma na yarda akwai wuraren da maganar harshen gida ke da wuya. Ƙasar nan harsunanta sun haura 500. A kudancin jiharmu ma akwai ajin da za ka sami yara masu harshe huɗu ko biyar. Ɗan Fulanin da ya taso a ruga shi ma Hausar baƙuwa ce gare shi. Waɗannan matsaloli ne na gaske, a zauna a duba su wuri-wuri. Amma a garin da kowa daga liman har mai unguwa har ɗan akuya Hausa yake ji, mene ne wahalar?

Sannan wa zai koyar da Turancin? A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka yanka ba. Ban kawo wannan don in ci mutuncin malamai ba. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata, wasu sai sun haɗa da acaba. Su ma haka aka koyar da su, ba littafi. Amma in malam da kansa yana tuntuɓe a Turanci, aka ce kada ya kuskura ya yi Hausa a aji, to me ya rage? Sai dai a yi ta kallon juna. Gara a ba shi jagora a hannu, wanda ya nuna masa yau ga baƙin da za ka koyar, ga yadda za ka fara, ga labarin da za ka karanta musu, ga tambayoyin da za ka yi. Malami mai matsakaicin sani in yana da wannan zai yi aiki.

Wani abu da ba a cika magana a kansa ba shi ne bakin yaro. Ilmi ba karatu da rubutu kaɗai ba ne, har da iya tsayawa gaban mutane a faɗi magana ta fita daidai. Mu nan mun san zamanin banakula, in ka yi Hausa a makaranta a rubuta sunanka, a ci ka tara ko a yi maka bulala. Me ya haifar? Yara suka koyi yin shiru. Yaron da a dandali ba a iya tsayar da bakinsa, ga tatsuniya ga kacici-kacici ga ƙarin magana, da ya shiga aji sai ya zama kurma. Ina tsoron kada wannan sabuwar sanarwa ta dawo mana da wancan zamani. Alhali kuwa waɗannan abubuwa kayan koyarwa ne da ba a saye da ko kwabo. A ce wa yaro ya tashi ya ba da labarin yadda aka yi sussuka a gidansu, ko yadda ake cinikin akuya, sannan a ce ya rubuta layi uku a kai. A raba su biyu su yi muhawara, noma da kiwo wanne ya fi. A koya musu rubuta wasiƙa. Wanda ya saba tsara magana da harshensa, ranar da ya sami Turanci zuba shi kawai zai yi a cikin tsarin.

'Yan'uwana manoma da 'yan tireda, kada mu ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce. Mu tuna farkon 2023 da aka canja kuɗi, takardar naira ta ɓace, ciniki ya koma taransifa. Mutum nawa aka nuna wa alat na ƙarya a waya suka ba da kaya don ba su iya karantawa ba? Mutum nawa ke miƙa katinsu da lambar sirri ga yaron POS don ba yadda za su yi? Maganin feshi fa? An rubuta a jikin kwalba murfi kaza a ruwa kaza, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, da ranar da ya lalace. Mu dai sai mu zuba da ka, wani ya ƙone wakensa, wani ya kwantar da iyalinsa. Littafin bashi ma, in ba ka iya rubutawa ba sai abin da mai cin bashin ya tuna. Duk wannan asara ce da ake yi mana kullum a kan abin da ya kamata a gama da shi tun aji uku.

Kuɗin fa? Akwai su. Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, an ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin matakin farko, kuma a ciki akwai rabon kayan koyarwa. Sau da yawa mun sha ji a labarai biliyoyin naira suna kwance a Abuja don jihohi ba su kawo nasu kason ba balle su karɓa. In kuma an karɓa, hankali ya fi tafiya wajen gini da fenti da katanga, don su ake gani daga kan titi, su ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Littafi ba ya ɗaukar ido. Wanda aka saya ɗin ma wani a sito yake ƙarewa, hedimasta yana tsoron ya raba ya yage a tuhume shi, gara ta cinye shi a cikin kwali. Wani kuma sai ka gan shi a kasuwa, an buga masa hatimin ba na sayarwa ba ne, ana sayarwa. Ni da idona na ga mai ƙosai tana naɗe ƙosai da shafin littafin aji biyu.

Saboda haka ina kira ga gwamnoninmu na Arewa da 'yan majalisunmu, tun da firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, su zauna da Ministan su nemi a bar mu mu fara wa yara karatu da harshen da suke ji, ko da aji ɗaya zuwa uku ne, ana haɗa musu da Turanci tun daga farko. Littattafan Mu Karanta an riga an rubuta su, an gwada su, ba sai an kira wani daga waje ba. Maɗaba'a muna da su a Zariya da Kano da Kaduna. A sa kuɗin bugawa cikin kasafin kowace shekara, a ƙirga littafi da kan yaro ba da kan makaranta ba, kuma a bar shi ya tafi da shi gida.

Mu iyaye kuma akwai namu. In an kira taron iyaye da malamai mu daina cewa muna gona. Mu je mu tambaya: littafi nawa aka kawo bana, ina suke? A buɗe sito mu gani. Da daddare ka kira ɗanka ka miƙa masa ko buhun taki ne ka ce ya karanta maka abin da ke jiki. In kai ba ka iya ba, ai kana da kunne, za ka ji in yana in'ina. Ranar kasuwa in an sayar da kaji, a cire na fensir da littafin rubutu kafin a kai ga mai tsire. A masallacinmu mun taɓa yin karo-karo muka sayi lasifika, ban ga abin da zai hana mu yi na alli da fentin allo ba.

Kai ma Edita ina da roƙo gare ka. Ka ware mana ko rabin shafi ne a mako saboda yara, da manyan baƙaƙe da gajeren labari da ɗan hoto, yadda za mu yanke mu kai wa malam ya manna a bango. Sannan ka turo wakilinka ƙauyukanmu ba tare da an sanar da kowa ba, ya shiga aji uku ya ƙirga yara, ya ƙirga littattafai, ya buga mana abin da ya gani. In ya zo ranar kasuwa ya tambayi masu tireda, za mu raka shi.

Wassalam.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Ƙasar Katagum, Jihar Bauchi.